Lungun Islamiyyarmu a Agege: yadda aikin shuke-shuke ke tafiya

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 2024

Kwamitin Islamiyyarmu ya amince a gyara lungun da ke tsakanin azuzuwa da katanga a yi shuke-shuke a ciki, kuma ni aka ɗora wa aikin. Hujjarsu ba ta wuce cewa a gefen Kura na tashi ba, inda yaro kan iya ban-ruwa tun bai kai izu biyu ba. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a ranakun Alhamis da babu karatu, ko wani mai irin wannan lungu a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 zai tsinci abin amfani.

Tsawon wurin mita 14 ne, faɗinsa 3, ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Katanga tana kudu, azuzuwa suna arewa. A ƙarshen gabas akwai wurin alwala, ruwansa na bin wata 'yar hanya ya faɗa kwata. Abin da ke ciki yanzu ɓaraguzan bulo ne da karyayyun benci da ledar fiya-wata.

Na gaya wa kwamiti tun farko cewa ba lambun furanni zan yi ba. Fure mako biyu ne ko uku ya kaɗe, idan ma yara sun bar shi ya kai haka. Ganye kuwa yana nan shekara ta zagayo, kuma ba kore ɗaya ba ne. Na shuwaka daban, na zogale daban, na ayaba daban, kuma da wannan bambancin nake so in tsara wurin. Sharaɗi na biyu: duk abin da za a dasa ya zama ko ana cin sa, ko aƙalla ba ya cutarwa, domin 'yan aji ɗaya babu abin da ba sa kai wa baki.

Alhaji shugaban kwamiti, Allah ya saka masa, har ya sayo bokiti biyu na koren fenti don katangar. Na roƙe shi a ajiye su a ofis sai shuka ta tashi. Ya ce to, amma ba da son ransa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Manyan ɗalibai sun kwashe tarkacen da baro, mun sa diga mun fasa ƙasar kafin azumi ya kama. Jar ƙasa ce mai danƙo, irin wadda ke taurin dutse da rani ta zama caɓi da damina. Mun samo kashin shanu daga wajen mayankar Oko-Oba, mun tara shi a kusurwa da busasshen ganye da dusar katako, mun lulluɓe da buhuna. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, sai ya ruɓe ya daina zafi.

Na zaga wajen masu sayar da fulawa a bakin titi ta Ikeja. Abu biyu suka nace in saya, duka na ƙi. Ɗaya mai faffaɗan ganye ne da ɗigo-ɗigon fari, wanda ake ajiyewa a ƙofar banki da otal. Kyau kam yana da shi, amma ruwansa kan kumbura harshe da maƙogwaro idan aka tauna. Ɗayan mai siririn ganye ne da fure ruwan hoda, oliyanda, shi kuwa daga saiwa har fure guba ne. Abin da na ɗauka a wurinsu iksora ce, wata 'yar bishiyar ado, guda huɗu, da 'yan dashen yalo-bush mai ganye ruwan zinare, da moɗa, da alobera. Yalo-bush ɗin ma da sharaɗin za a riƙa aske shi kada ya kai ga yin 'ya'ya, don su ma ba abin ci ba ne.

Sauran ba sai an saya ba. Zogale da lalle da shuwaka reshe ake yanka a kafa. Ɗan ayaba da gwaza wata Inna da ke bayan makaranta ta ba mu, ta haɗa da ɗoɗɗoya da na'a-na'a.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An sha ruwa, an yi Sallah, ruwan sama ya kankama, mun dasa.

Ga tsarin. Jikin katanga, wato can baya idan mutum ya leƙo ta tagar aji, na jera masu duhun ganye: shuwaka, lemun tsami ɗaya, da waya da muka ɗaura don ugu, ganyen miya mai yaɗo, ya hau. A tsakiya masu koren da ido ya saba da shi, ɗoɗɗoya da lalo da alayyafo a fangali-fangali. A gaba, bakin hanyar da yara ke bi, masu haske: yalo-bush da ciyawar shayi. Dalili shi ne kore mai duhu yakan ja da baya a ido, mai haske kuma ya matso. Lungu mai faɗin mita 3 idan aka jera shi haka sai ya yi kamar ya fi haka zurfi. Idan aka juya, masu duhu a gaba, sai wurin ya ƙuntace. Zogale uku na warwatsa a tsakani, saboda ganyensa ƙanana ne masu ruwan ɗanyen haki, haske na ratsa su, suna karya nauyin shuwaka. Ayaba da gwaza suna gabas, inda muka karkato ruwan alwala. Babu sabulu a cikinsa, kuma su biyun ba sa ƙin jiƙa.

Irin lalo, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ewedu, yana da taurin kai wajen tsira. Sai an ƙulle shi a tsumma an tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a shanya, sannan a watsa.

Akwai abin da ya kamata mai shuka a Legas ya sani game da inuwa. Garin yana wajen digiri 6 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana tsaka tana karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta kudu. A Fabrairu da na auna wurin, inuwar katanga ce ke kwance a cikinsa da azahar. Yanzu ta janye, nan da Yuni inuwar azuzuwa ce za ta sauko daga ɗaya gefen. Ke nan babu wani sashe da zan ce nan rana ce dindindin ko inuwa ce dindindin, sai tsakiya. Shi ya sa moɗa da alobera na bar su a tukwane, a riƙa matsar da su.

Alhamis, 16 ga Mayu

Yawancin dashen ya kama. Amma iksora biyu da lemun tsamin da ke kusurwar yamma sun fara rawaya, Baba mai gadi kuma ya tare ni da safe.

"Malam, yunwa ce ke damunsu. A samo yuriya a barbaɗa."

"Baba, zo mu duba tare. Wane ganye ne ya yi rawayar, na sama ko na ƙasa?"

Ya sunkuya ya duba, ya ce na sama ne, sababbin.

A nan maganar take, kuma ruwa ba ya tsami banza. Koren ganye daga sinadarin kulorofil yake, wanda ke shanye jan haske da shuɗi ya bar kore ya dawo ido. Kafin shuka ta haɗa shi tana bukatar naitirojin da maganiziyam da ɗan sinadarin ƙarfe, kuma rashin kowannensu da irin rawayarsa. Idan naitirojin ne ya yi ƙaranci, shuka kan janye shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, sai na ƙasa su koɗe gaba ɗaya, na sama suna kore. Idan maganiziyam ne, tsofaffin ne dai, amma jijiyoyin ganyen na nan kore, tsakaninsu ne ke rawaya. Ƙarfe kuwa ba ya tashi daga inda ya zauna, don haka sababbin ganye ne ke fitowa fari-fari da korayen jijiyoyi. Namu wannan na ukun ne, yuriya ba za ta yi masa komai ba.

Abin mamaki, jar ƙasa cike take da ƙarfe, shi ne ma ya ba ta jan. Da muka tona gefen lemun sai ga dunƙulen siminti shimfiɗe a ƙasa, ragowar kwaɓin da magina suka yi lokacin ɗaga katanga. Siminti kan kashe tsamin ƙasa ya mayar da ita kanwa-kanwa, a irin wannan ƙasar kuwa ƙarfen yana nan amma saiwa ba ta iya sha. Iksora da lemo suna cikin masu saurin nuna haka. Mun fasa simintin mun kwashe, mun cika ramin da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Iksorar mun mayar da su tsakiya. Ganyen da ya riga ya koɗe ba lalle ya dawo ba, sababbin da za su fito su za a duba.

Baba bai gamsu sosai ba. Ya ce shi a garinsu duk rawaya yuriya ce maganinta. A gonar masara kusan gaskiyarsa ne.

Alhamis, 20 ga Yuni

Babbar Sallah ta bar mana kashin raguna buhu-buhu, kowa a unguwa neman inda zai kai yake. Mun karɓa mun tara. Wata maƙwabciya 'yar Ibo ta ba mu ƙwayar ugu daga ƙwaryar da ta fasa, ta ce a shuka a ranar don ba ya jure ajiya. Ya tsiro, ya kama waya. Ganyensa kore ne mai duhu da sheƙi, gefen shuwaka mai dishi-dishi sai ka ga duhu iri biyu: ɗaya na mayar da haske, ɗaya na haɗiye shi.

Katantanwa ta cinye fangalin alayyafo ɗaya a dare biyu. Yara na tsince su da sassafe, mun zagaye fangalin da toka, amma ruwa na wanke ta.

Alhamis, 4 ga Yuli

Jiya aka wuni ana ruwa, unguwanni da dama a Legas sun cika, motoci sun tsaya a kan manyan tituna. Mu nan muna kan tudu, amma kwatar bayan makaranta ta toshe, ruwa ya kwanta a lungun har bayan la'asar.

Gwaza da ayaba ko a jikinsu. Ganyen gwaza ma ruwa ba ya kama shi, gangarewa yake yi dunƙule-dunƙule saboda wani kakin da ke samansa, wanda shi ne ke sa korensa ya yi toka-toka. Wanda ya sha wuya zogale ne. Ɗan Arewa ne, ya saba da ƙasa mai rairayi da ke tsotse ruwa nan take. Legas na samun ruwan da ya haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu a shekaru da yawa, kuma saiwar zogale ruɓewa take yi idan ta kwana a ruwa. Ɗaya ya langaɓe, ba na sa ran zai tashi. Sauran biyun mun tara musu ƙasa a gindi, mun yanka 'yar hanyar ruwa ta bi gefensu. Duk mai son zogale a garin nan ya dasa shi a kan tudun kunya ko a cikin buhu mai huji.

Yanzu kam maganar Baba ta zo. Lalo da alayyafo sun fara koɗewa daga ƙasa, tsofaffin ganye ne, gaba ɗayansu. Ruwa mai yawa kan wanke naitirojin ya nutsar da shi inda saiwa ba ta kai. Na ce masa ya kawo yuriyarsa. Kaɗan muka sa, a gefe, ba a jikin kara ba, domin kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, hannu na yin nauyi sai ta ƙone ganyen. Ya yi ta murmushi yana barbaɗawa.

Lahadi, 14 ga Yuli

Yau ce ranar dashen bishiya ta jihar Legas, hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, LASPARK, kan jagoranci abin kowace shekara. Mun ce mu ma yara su dasa ɗaya. Rabin malamai darbejiya suke so, don ita ce inuwar da muka tashi a ƙarƙashinta. Na ƙi. Lungun mita 3 ne, sokawe na kusa, nan da 'yan shekaru saiwarta za ta tsaga katanga, inuwarta kuma ta kashe duk abin da ke ƙasa. Gwaiba muka dasa a gurbin zogalen da ya mutu.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ruwa ya ɗan tsagaita kamar yadda ya saba a Agusta, bango ya bushe, Alhaji ya tuno da fentinsa.

Ban yi masa gardama da baki ba. Na sa mai fenti ya shafa wa falanki uku launi uku: koren Alhaji, fari mai ruwan madara, da ruwan ƙasa irin na ginin gargajiya. Muka jingina su a bayan shuwaka da ugu, na kira shi da Malam babba bayan la'asar, muka tsaya a bakin tagar aji uku.

"Ranka ya daɗe, dubi na farkon. Ina ganyen ya ƙare, ina bango ya fara?"

Ya ɗan jima yana kallo. Koren fenti ɗaya ne tak, shimfiɗe, kuma ya fi na kowane ganye ƙarfi. A gabansa shuwaka ta koma kamar mai datti, ɗoɗɗoya ta ɓace, yalo-bush kuma ya yi kamar mara lafiya. Tamkar a yi wa koriyar shadda aiki da koren zare ne, wahalar maɗinki ta tafi a banza. A gaban farin kuwa kowane ganye ya fito da siffarsa, har yatsun ganyen ugu ana ƙirgawa. Ruwan ƙasan ya fi duka kwantar da ido, don ja-ja da kore suna ɗaga juna.

"Malam, na gani. Amma makarantar addini ce. Kai ba ka ga ƙubbar Madina ba?"

Malam babba ne ya karɓe ni. Ya ce, "Alhaji, ai abin da ya sa ƙubbar ke fita tun daga nesa, duk abin da ke kewaye da ita fari ne da ruwan ƙasa. Da masallacin duka kore ne, wa zai gane ta?" Ya ƙara da cewa ita kanta ba da kore aka gina ta ba, sai a 1837, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Biyu, aka shafa mata shi. Sannan ya tuna mana cewa a Suratur Rahman an siffanta wasu gonakin Aljanna biyu da koren da ya yi duhu har ya kusa baƙi, ya nuna ugu da sandarsa ya ce ga irinsa nan Allah ya fitar mana ba da fenti ba.

Gani ya kori ji. An tsaya a kan ruwan ƙasa mai haske. Fari zalla na ƙi shi ne saboda gansakuka: damina ɗaya a Legas ta isa ta yi masa zane-zanen baƙi da kore daga sama har ƙasa. Bokitan Alhaji kuma ba su yi asara ba, ƙofar makaranta da tagogi da allon suna duk da su aka shafe, kuma a can sun yi kyau ƙwarai. Ya ce dama abin da yake nufi ke nan tun farko. Babu wanda ya ce uffan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwan ƙarshen damina ya dawo, inuwar katanga ma ta dawo cikin lungun. Sababbin ganyen lemo da iksora kore shar suke fitowa tun watan jiya, maganar siminti ta wuce.

Yalo-bush ɗin da ke ƙarshen yamma, inda reshen gwandar maƙwabci ya leƙo, ya bar ruwan zinarensa ya koma kore sosai, alhali 'yan'uwansa da ke cikin rana suna nan rawaya-rawaya. Iri ɗaya ne, rana ɗaya aka dasa su. Ganyen da ke inuwa kan ƙara kulorofil don ya kama ɗan hasken da ke isowa, ya yi faɗi, ya yi duhu. Haka shuwakar da ke jikin katanga ta fi ta tsakiya duhu da faɗin ganye. Wato rabin launin da na tsara a Afrilu ba ni ke riƙe da shi ba, rana ce. Mun roƙi maƙwabcin ya bari a rage reshen, ya yarda.

Akwai kuma duhun da ba na lafiya ba. Ganyen gwaiba da na lemo sun yi baƙi-baƙi kamar hayaƙin janareta ya taɓa su. Da na juya bayansu sai ga fararen ƙwari manne kamar auduga, tururuwa na hawa da sauka. Ƙwarin na tsotson ganye suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, baƙar fumfuna ta tsiro a kansa ta toshe wa ganyen haske. Mun daka ƙwallon darbejiya mun jiƙa ya kwana, mun tace, mun ɗiga ɗan sabulu, muna fesawa da yamma. Baƙin kuma da tsumma da ruwa yake fita.

Matan unguwa sun gano shuwaka da ugu. Mun sa doka: a tambayi Baba, kuma a tsinka daga gefen katanga, kada a yi wa gaban gibi.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hunturun Legas bai kai rabin na gida ba, amma ya isa ya sauya wurin. Ƙura ta kwanta a kan ugu da ayaba, sheƙinsu ya tafi, duk manyan ganye sun koma launi ɗaya. Waɗanda ba a kula da su da damina su ne yanzu ke riƙe da lungun: moɗa da ratsinta, alobera mai kore toka-toka, da lalle da ya yi shinge har ƙugu. Na fito da tukwanen moɗa gaba, na mayar da na'a-na'a kusa da wurin alwala. 'Yan aji huɗu ke wanke ganyen ayaba da buta ranar Asabar, sun mayar da abin wasa, rabin ruwan a jikinsu yake ƙarewa.

Na je wajen 'yan'uwanmu masu lambu a hanyar Iyana-Iba ta Ojo, na samo dashen latas da albasa mai lawashi don fangalin da lalo ya tashi. Latas ɗin tsanwa ce mai haske, lawashin kuma kore mai ratsin shuɗi, irin da ba mu da shi ko ɗaya a lungun sai alobera. Wani dattijo a can ya ba ni shawarar in yi wa latas ɗin rumfar ganyen kwakwa na kwanakin farko, don ranar Disamba ta nan ta fi yadda ake zato zafi.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

An sare zogalen biyu daidai ƙirji don su yi rassa maimakon su miƙe sama kamar sanda, ganyen an raba wa malamai. Ugu ya tsufa, za a cire shi a bar wayar sai ruwan farko. Ayaba ta fitar da 'ya'ya uku a gindi, ɗaya za a bari, biyun Inna ta ce a mayar mata.

Matsalar da ke gabanmu ruwa ce. Na alwala yana isar gabas kawai, yamma sai an ɗebo daga tanki, kuma ba kullum ake samun wutar da za a tura ba. Na kai wa kwamiti shawara biyu: ko a sa bututu daga wurin alwala ya bi jikin katanga har yamma, ko a sayi duro biyu a tara ruwan indararo idan damina ta sauka. Ma'aji ya ce a kawo masa kuɗin kowanne a rubuce kafin zaman wata mai zuwa. Mai gyaran famfo zai zo ranar Asabar ya auna gangaren, don idan yamma ta fi gabas tudu, maganar bututu ta mutu.